Watansa Nawa a Ciki?

Bodinga,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ku Lambara lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na direban da babanki ya samo, wanda na lura yana tuƙi kamar an ce masa gidansu ya kama da wuta. Ki gai da mijinki Malam Nasiru. Ki durƙusa ki gai da surukarki Hajiya Yalwa, ki ce na gode da ɗawainiya. Shi kuwa wannan ango nawa, Shehu, da ya zo duniya ba a gama shimfiɗa masa tabarma ba, ki ce masa na yafe masa kuɗin cefane har ya yi nauyin da zai iya riƙe fartanya.

Za ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin zannuwan goyo, alhali tun da aka sallamo ku daga asibitin Sakkwato muna ɗaki ɗaya, ina dafa miki ruwan wanka, ina dama miki kunun kanwa, muna hirar duniya. Baki yana da kunya, Luba. Alƙalami ba shi da ita. Shi ya sa na zaɓe shi.

Abin da ya sa ni zama rubutu, shekaranjiya ya faru. Hajiya Yalwa ta zo da matan gidansu ganin yaro. Wata daga cikinsu ta ɗaga shi ta juya, ta ce, “Wanga kam bakwaini na, ko?” Hajiya ta karɓe shi da sauri ta ce, “Wane bakwaini? Mu ba mu haihuwar bakwaini. Ƙanƙane dai na, ubanai ma haka an ka haihe shi.” Sannan ta kwance bakin gyale ta fito da ’yar kwalbar magani da ta saya a kemis, ta ce na tsari ne, in an ga ya yi ɗumi a ɗiga masa. Na dube ki. Kin sunkuyar da kai kina wasa da bakin tabarma. Ke da kika kwana kika tashi a bakin kwalbar da asibiti ke kwantar da bakwaini makonni, kika ga allurar da aka soka masa a bayan hannu, ba ki ce uffan ba. Matan suka tafi suna cewa Luba akwai kunya.

Na san wannan yabon. An taɓa yi mini shi. Zan zo kansa, amma bari in faro da kuskurena mafi sauƙi, wanda kike gani kullum in kin duba madubi.

Haƙoranki. Kina ’yar firamare kika dawo kina kuka, wai yara sun ce miki Luba mai haƙorin goro. Kika ce, “Inna, mi ya sa nawa ba su da hwari kamar na Saratu?” Gwaggonki ta ce ruwan rijiyar Bodinga ne. Na bar rijiya ta ɗauki laifin har kika girma na faɗa miki gaskiya, ita kuwa rijiya ba ta taɓa kai ƙara ba. Kin san labarin, amma ban taɓa faɗa miki yadda tunanina ya kasance ba, kuma a nan darasin yake.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Sojoji sun dawo, ana layin sabulu da madarar gwangwani tun asuba, asibiti kuwa ba ya ba da komai sai takarda da shawarar ka je ka saya. A kasuwar Bodinga akwai masu faifan magani, kafso iri-iri a baje cikin rana kamar alewa: ja-da-baƙi, ja-da-ɗorawa, da fari. Ba mai kiran sunansu na gaskiya, launi ake saye. Duk lokacin da kika yi zawo, mata su ce haƙori ne, ni kuwa mai digiri in yi musu murmushin tausayi, in ce ƙwayoyin cuta ne, in ɓare ja-da-ɗorawa in raba garin kashi huɗu a bakin wuƙa, in zuba miki ɗaya a kunu. Lissafina kuwa tsaf: babba ya sha guda, yarinya ta sha kwata. Su sun yi kuskure da jahilci, ni na yi nawa da lissafi.

Wannan maganin, tetarasaikilin, yana son ƙashi. Inda duk jiki ke gina ƙashi ko haƙori, can yake zuwa ya zauna, kamar baban rini a zane. Haƙoranki na girma suna can cikin dasashi ana gina su, ban gan su ba, shi ya gan su. Da suka fito bayan shekaru, suka fito da sa hannuna a kansu. Mafi yawan zawon nan kuma ba ya bukatar komai sai nono da ruwan gishiri da sukari.

To ki ji. Magungunan nan da likitoci ke kira antibayotik, masu kashe ƙwayoyin cuta, ba maganin ɗumin jiki ba ne, ba na kuka ba ne, ba na mura ba ne, ba kuma laya ba ne da za a rataya don tsari. Kowanne da irin ƙwayar da yake iya kashewa. In an ba da shi babu dalili, ba ya komawa hannu wofi: yana kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin hanjin yaro, waɗanda nononki ke ta wahalar shukawa, ya bar masu taurin kai su yi ƙarfi, ranar da ake bukatarsa da gaske kuma su dube shi su yi dariya. Kwalbar Hajiya tana cikin kabad ɗina. Na ce mata zan ajiye ne don kada zafi ya ɓata ta. Zan ajiye ta da kyau ƙwarai.

Kuskure na biyu ya riga wannan, kuma kishiyarsa ne. Kin san kafin ke an yi wani yaro bai zauna ba. Saboda abin da ya same shi, lokacin da na haife ki ba na ƙaunar ko warin magani. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba a yi suna ba cibiyarki ta yi ja, ta fara ruwa. Na gani, na ce zan jira in ga zazzaɓi. Ina taɓa goshinki safe da yamma, babu zafi, sai ma sanyi. Kin rage kama nono, kin daina kuka, kina ta barci. ’Yan barka suna cewa, “Kai, wagga ɗiya da haƙuri take.” Ina jin daɗi. Babanki ne, wanda bai karanta kimiyya ba sai tarihi, ya ɗaga hannunki ya saki, ya ga ya faɗi kamar tsumma. Bai yi mini gardama ba. Ya fita ya samo mota, muka kai ki asibiti.

Jariri ba ya ciwo irin na manya, Luba. Babba in cuta ta shige shi, jikinsa ya yi ta buga ganga: zazzaɓi, nishi, ƙorafi, a kira dangi. Jariri, balle bakwaini, shiru yake yi. Ranar da Shehu ya ƙi nono, ko ya yi sanyi a hannunki, ko barcinsa ya yi nauyin da ba ya tashi don yunwa, ko numfashinsa ya yi sauri yana gurnani, ko cikinsa ya kumbura, ko rawaya ta sauko masa har tafin hannu, kada ki jira zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye a yi shawara, kada ki jira Malam Nasiru ya dawo daga kasuwa. Cutar da ke ɗaukar mako kafin ta kayar da babba, shi tsakanin azahar da magariba ta ishe ta. Tsoron magani ma yana kisa, kamar yadda son magani ke yi. Na gwada duka biyun, ba sai kin gwada ba.

A asibitin nan na ƙara wani abin kunyar. An sa miki allura ta jijiya, safe da yamma kawai. A gadon da ke kusa da mu akwai wani yaro ɗan shekara uku, shi ana zuwa masa a kai a kai. Na zauna ina ƙirgawa. Zamani ne da komai ake ɓoyewa, har sukari, don haka na yanke hukunci: ana yi wa ɗiyata rowar magani. Na tare sista a bakin ƙofa, na gyara murya irin ta malamar makaranta, na ce, “Sista, ko maganin ma sai an yi layi ne? Ko kuwa sai mun san wani?” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Malama, ga likita nan tahe, ki tambaye shi, ni ban da ƙarhin hwaɗa yau.”

Likitan ya gaji har idonsa ya faɗa. Bai yi fushi ba. Ya ce, “Ƙodarta ba ta gama koyon aiki ba. Wanda na sa da safe yana nan yana yawo a jininta, bai fita ba. In na ƙara wani a kansa, zan kashe cutar, in kashe mata kunne, wataƙila da ƙodar. Kina son ta warke ta ji kiran sallah, ko ta warke kawai?”

Ina tsaye sai fadamar kakanki ta Danchadi ta faɗo mini. Kin tuna yadda yake ban ruwan irin albasa, ’yan ƙananan nan masu kamar gashi? Ba ya sakar musu ruwa yadda yake sakar wa manya. Ya cika fangali, ya toshe, ya tafi wani aiki, sai ƙasa ta shanye sannan ya dawo. In ka ƙara ruwa a kan ruwa, saiwa ta ruɓe, alhali da niyyar alheri ka zuba. Na sha ganin wannan tun ina yarinya, na kuma ci jarrabawa a kan ƙoda, amma ban taɓa haɗa su biyun ba sai a bakin ƙofar nan.

Daga baya na koma littattafaina, na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko. Jikin jariri kusan duk ruwa ne, na bakwaini ya fi. Magani in ya shiga sai ya bazu, ya tsinke kamar gishiri kaɗan a babbar tukunya. Don haka wani lokaci, in aka gwada da nauyinsa, abin da ake ba shi a tashi ɗaya ya fi rabon babba. Amma ƙofar fita ƙarama ce, sai a daɗe ba a ƙara ba. Kin ga inda lissafina na bakin wuƙa ya rushe: yaro ba kwatan babba ba ne. Cikinsa ma ba abin dogaro ba ne, abin da aka ɗura masa ta baki wani ya shiga jini, wani ya dawo a kafaɗarki. Tsokar da za a soka wa allura kuwa, ina take? Shi ya sa kika ga sun bi jijiyar Shehu, suna ɗora shi a sikeli kowace safiya kamar masu sayen zinariya. Kuma awon ba ya tsayawa wuri ɗaya: ƙodarsa ta wannan mako ba ita ce ta makon jiya ba. Abin da aka rubuta masa yana kwalba ba shi za a ba shi yanzu ba. Kada wani ya ce miki, “Ai wanda aka ba shi a Sakkwato ne, mu sayo irinsa.” Idan kuma likita ya sa magani, ki ba da shi a kan lokacinsa har ranar da ya ce a tsaya, ko da yaro ya warware yana harbin iska. Ke kanki kada ki sha komai ba ki faɗa cewa kina shayar da bakwaini ba, don abin da kika haɗiya yana iya biyo nono. Akwai wani farin magani mai sinadarin salfa da mutane ke sha kamar gyaɗa. A jikin jariri mai ciwon shawara, yana kwance rawayar nan daga inda jini ya ɗaure ta, ta haye ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya gyaruwa.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye.

Farkon mulkin farar hula ne, lokacin da mutumin yankinmu ke zaune a kujerar Legas. Ba ki ga zamanin ba. A ƙasar Shagari ko wanda bai mallaki akuya ba tafiya yake kamar gobe za a kira shi a ba shi kwangila. Na dawo daga jami’a da digiri a kimiyyar halittu, ina koyarwa, an ɗaura mana aure da babanki, na zama abin nuni: ga ’yar boko nan, bari mu ga ko ta san durƙuso. Na ƙudura a raina sai na ba su mamaki. Na fi kowace amarya sunkuyar da kai. Ina alfahari da hakan kamar yadda nake alfahari da digirin.

Da ciki ya tsufa, shirin shi ne in tafi Danchadi goyon ciki wurin iyayena. Kafin nan muka je Horo Birni gaida kakarki ta wajen uba, Inna Tumba, Allah ya jiƙanta. Can naƙuda ta same ni, ciki bai cika wata takwas ba. Na haifi namiji a ɗakin surukata, nesa da uwata, a gidan da ko tari ba na iya yi da ƙarfi. Ɗan fari. Kin san dokar: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an san da shi. In ya yi kuka, ki duba wani wuri har a miƙo miki shi. Yaron nan, wancan, shi. Haka na kira shi.

Inna Tumba ta so shi kamar ranta. Ta naɗe shi da auduga, ta kwantar da shi a ƙirjinta, ta hana iska taɓa shi. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, kalmar bakwaini. A wurinta zagi ne, abin da ake ce wa mai gaggawa marar natsuwa, sunan da zai bi yaro har ya yi furfura. Jikanta na fari ba za a liƙa masa wannan ba.

Bayan suna da ’yan kwanaki ya fara ƙin nono. Babanki ya koma wurin aiki. Muka ɗauke shi, ni da Inna Tumba, zuwa wani ƙaramin ɗakin shan magani a kan hanyar Shagari, yanzu ko tubalinsa babu. Ita ke riƙe da shi, ina biye. Malamin da ke wurin dattijo ne mai fara’a. Sikelinsa ya lalace, an ɗora tulun ruwa a kai. Ya buɗe zanen, ya dubi yaron. Sannan ya dube ni, ni, ba ita ba, ya ce:

“Amarya, watansa nawa a ciki?”

Na san amsar har da makonni. Na san kuma dalilin tambayar, ko ban sani duka ba na san rabinsa, don an koya mana cewa hantar jariri ba ta gama haɗa kayan aikinta ba. Amsar tana bakina. Amma surukata na tsaye, ga maza biyu a kan benci suna jiran allura, ana tambayata watannin cikin ɗan fari. Na dubi yatsun ƙafata.

Inna Tumba ta ce, “Haba malam, ka tambayi ɗiyar mutane wagga magana? Watanninai sun cika cif. Ƙanƙane na, mu duk haka an ka haihe mu.”

Ya ce, “To, madalla.” Ya sake dubana. Ban ɗago ba. Ya ɗauko kwalbar ruwan magani, irin farin kafson nan ne amma na yara, kuloramfenikol, ya ce cokali kaza, sau huɗu a yini.

Wannan magani ne mai ƙarfi, ya ceci mutane da yawa daga taifot da sanƙarau, ba na zaginsa. Amma hanta ce ke kwance shi kafin jiki ya zubar. Hantar jaririn da ya cika wata tara ma da ƙyar take iyawa, shi ya sa ake rage masa ƙwarai ko a nemi wani. Ta bakwaini ba ta san ta inda za ta fara ba. Kowane cokali yana zuwa ya tarar da na gabansa zaune. Muka yi ta ba shi da aminci, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Ni ke kula da lokacin, ni mai agogo.

Ya fara amai. Muka ce cutar ce ke ƙaruwa, kada a yi wasa da magani. Cikinsa ya kumbura. Sannan launinsa ya juya, ba rawaya ba, ba fari ba, toka-toka, kamar an shafa masa tokar murhu. Inna Tumba ta ce sanyi ne, ta ƙara garwashi a kasko. A lokacin wani abu ya motsa a kaina, wani shafi da na taɓa karantawa, na ce a raina gobe in babanki ya zo zan ce a kai shi Sakkwato. Ban iya cewa a tsayar da cokalin ba, don wannan na nufin in ce na fi su kula da shi. Da la’asar, ana tankaɗen gero a tsakar gida, Inna Tumba ta fito daga ɗaki ta ce a kira maza.

Ban yi kuka ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka. Na zauna a bakin gado ina amsa gaisuwa, ina cewa sai haƙuri. Matan Horo Birni suka yi ta zancena har kasuwa. Sun ce ba su taɓa ganin ’yar boko mai kunya irina ba.

Ban ce na san abin da Allah ya rubuta ba. Wataƙila cutar da ta hana shi nono ita kaɗai ta isa ta tafi da shi. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Ban riƙe Inna Tumba ba, ta faɗi abin da take ganin kariya ce ga jikanta, ta kuma yi kukan da ni aka hana ni. Ban riƙe dattijon nan ba, ya yi tambayar da ta dace, ya kuma yi wa wadda ta dace. Allah ne mai rayawa da kashewa, amma shi ne ya ba ni baki, ya ba ni ilmi, ya kuma turo wanda ya tambaye ni, ya dube ni har sau biyu.

Don haka ga abin da nake roƙonki, kuma shi kaɗai ne dalilin wannan doguwar takarda. Shehu yana da shekaru iri biyu: kwanakin da ya yi a waje, da watannin da ya yi a ciki. Duk mai shirin zuba masa wani abu a baki ko soka masa allura, likita ne, malamin asibiti ne, mai kemis ne, ko mai yawo da jaka a kan babur, sai ya ji duka biyun daga bakinki kafin ya buɗe kwalba. Ko bai tambaya ba. Ki ce: bakwaini ne, an haife shi da wata bakwai, ya kwanta a kwalba, ga katinsa, a auna nauyinsa. Wanda ya ce ba sai an auna ba, ki naɗe ɗanki ki fito. Ki faɗa ko Hajiya na tsaye, ko Malam Nasiru na tsaye, ko duk Lambara ta taru a kan benci.

Ban ce ki zubar da kunya ba. Ki rufe kanki, ki durƙusa, ki bar wa Hajiya ta yi masa wanka ta goya shi ta yi masa kirari, kada ki kira sunansa a tsakar gida in hakan zai faranta musu. Hajiya Yalwa mutuniyar kirki ce, na ga yadda take lallaɓa shi in ta ɗauke shi. Ba maƙiyi ne ke ba jariri maganin da ya fi ƙarfinsa ba, Luba, masoyi ne. Maƙiyi ina ruwansa da sayen magani? Ki same ta ku biyu, ba a gaban mutane ba, ki ce, “Hajiya, likita ya hore ni kada a ba shi komai sai an koma wurinsu, ki taimake ni ki tsare mini shi daga masu kawo magani.” Ki mai da ita mai gadi, za ki ga aiki. In abin ya ƙi, ki ɗora mini laifin. Ki ce uwarki ’yar boko ce mai taurin kai. Sun riga sun sani, ba za ki ba kowa sabon labari ba.

In kuma sun fasa yabonki da kunya, ki bar su. Ni an yaba mini. Yabon yana nan tare da ni shekara da shekaru, ban taɓa samun abin da zan yi da shi ba. Ba ya girma, ba ya kama nono, ba ya kirana Inna.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Kin taɓa tambayata sunan yayanki, kina ƙarama, na ce ki je ki tambayi babanki. Kin ɗauka kunyar ɗan fari ce har lokacin. Ni ma haka na ɗauka. Ban taɓa furta shi ba, ko yana raye, ko bayan ya tafi, ko a cikin addu’a. “Yaron nan” nake cewa, Allah kuwa ya san wanda nake nufi. Yau na ga ba wanda kunyar ta amfana.

Sunansa Aliyu. An haife shi da wata bakwai da ’yan kwanaki. Ga shi na amsa.

Allah ya jiƙan Aliyu, ya sa mai ceto ne. Allah ya raya Shehu, ya ƙarfafa hantarsa da ƙodarsa, ya ba shi nauyi da tsawon rai, ya sa ya girma har a ce masa bakwaini ya yi dariya. Allah ya tsare ki a gidan mijinki, ya haɗa kanku da surukarki, ya kiyaye fitarku da shigarku, ya buɗe bakinki a inda ya kamata. Ki shafa mini kan angona, ki ce masa ina nan ina jira, kada ya sake yin gaggawa.

Wassalam.

Innarki,
Maryamu